Rubutun Baba a Bayan Hoton Hawaja

Ku 'ya'yana da jikokina, na san abin da ake faɗa a kaina a gidan nan da zarar na juya baya na nufi masallaci. Ana cewa Baba Usmanu ya tsaya a gaban alƙali a Wad Madani ya miƙa wa Yahudawa kayan gadonmu, lauyansa yana taka masa ƙafa amma ya ƙi yin shiru. Maganar takun ƙafar gaskiya ce, har yau ina jin wurin idan sanyi ya sauko. Sauran maganar kuwa ita ta sa na ɗauki alƙalami, domin na gaji da maimaita labari ɗaya ga mutanen da kunnensu ɗaya ke wurina, ɗayan yana kan waya.

Kakanku Malam Isa manomi ne mai hawasha ɗaya, wato gonar ban ruwa, a bakin magudanar ruwa, a nan ƙauyenmu tsakanin Hasahisa da Madani. Idan an gama cirar auduga sai ya shiga Madani da keken jakinsa, yana ɗaukar wa wani Bayahude mai kantin yadi kaya daga tashar jirgin ƙasa. Ana kiran mutumin Hawaja Dawud. Matarsa daga ƙasar Turawa ta gudo tun tana budurwa, yaƙin da aka yi a can ya cinye uwarta da danginta kaf. Abin da ta tsira da shi kawai wani zane ne na fenti a kan ƙyalle mai kauri, hoton uwar tata. Da zama ya yi wa Yahudawa zafi a ƙasar nan, sai suka riƙa sulalewa da akwati ɗaya ɗaya kamar masu tafiya hutu, don kada a gane ba za su dawo ba. Hoton kuwa ba ya shiga akwati. Hawaja ya naɗe shi a bargo ya ɗora a keken Baba, wato Malam Isa. Baba ya sha ba mu labarin yadda suka yi.

"Ya Isa, wannan uwar matata ce, ba mu da komai nata sai shi. Riƙe mana, za mu aiko."

"Hawaja, hwaɗa min tun yanzu in sani. Kyauta ce ko amana?"

"Amana."

"To, halas, shi ke nan."

Da ya iso gida ya kwance bargon, Inna ta leƙa sau ɗaya ta ja da baya tana salati. Ta ce mala'ikun rahama ba sa shiga ɗakin da ke da hoton mutum, balle na mace mai buɗaɗɗen kai, don haka ko hoton ya fita ko ita ta fita. Baba ya ce amana ba ta kwana a garken awaki. Kwana uku suna wannan ja-in-ja, har limamin ƙauye ya raba su da cewa a rataye shi amma a juya fuskarsa bango. Haka aka yi. A ranar Baba ya ɗauko tawadarsa ya rubuta layi ɗaya da ajami a can saman bayan ƙyallen, don ko ya mutu a san abin da ake ciki. Bayan shekara aka haife ni. Babu takarda a gidan, allo kuma wankewa ake yi, ga fili fari fat a rataye a bango. Sai Baba ya rubuta sunan Yaya Hauwa da na waɗanda suka riga ni zuwa, ya rubuta nawa da ranar da watan. Daga nan abin ya zama al'adar gidanmu. Duk wanda aka haifa, ranar suna kafin a yanka rago sai an sauko da hoton an sa shi. Matar da aka auro ma a sa ta. Duk wanda ya rasu a ja masa ɗan layi a ƙarƙashi. Da hannun Baba ya fara rawa ni na karɓa. Ku duka kuna ciki in ban da ƙaramarku Amina, kuma babu ɗayanku da ya taɓa damuwa ya juya shi ya ga fuskar matar, ni ma sau ɗaya na leƙa ina saurayi, Inna ta kai mini duka da muciya.

Ga laifina na farko, zan faɗa da bakina. Hawaja bai aiko ba. Baba ya rasu, Inna ta rasu, sai kalmar amana ta fara tsufa a bakin mutanen gida. Yara suka riƙa cewa hoton da Hawaja ya ba Kaka, daga baya ya koma kyautar Hawaja. Ina ji ban gyara ba, don ku ba kwa karanta ajami, bokon Larabci kuka yi, ni kuma maganar ta yi mini daɗi.

Laifina na biyu shi ne wanda Yaya Hauwa ba za ta bari in manta ba har in shiga kabari. Shekarar da yaƙi ya iso yankinmu na Jazira, ranar da muka hau tirelar tarakta za mu gudu, ta fito da hoton rungume a ƙirji.

"Usmanu, a aza wanga."

"Yaya, ina wuri? Ga ɗiya, ga tsohhi, ga buhun dawa. Kwana bakwai ne mu komo."

"Kai kac ce bakwai. Su masu bindiga sun hwaɗa maka hakanan?"

Na karɓe shi daga hannunta na mayar kan ƙusarsa, na kulle ɗaki. Kwana bakwai ɗin nan sai da ya haura shekara. Muka zauna Sinja, yaƙin ya biyo mu can, muka ƙara gaba. A gudun nan matar Bashir, babban ɗana, ta haifi Amina a ƙarƙashin tanti, aka yi suna ba rago ba rubutu. Da muka dawo muka tarar an yi wa gidan ƙarƙaf. Ƙofofi, injin ban ruwa, gadaje, tukwane, har igiyar shanya. Hoton ya tafi, ƙusar ma sun zare ta. Yaya Hauwa ta tsaya tana kallon ramin ƙusar, sannan ta kalle ni. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Bashir ne ya gano shi a waya bayan wata biyu. Wani mai shagon tsofaffin kayan tarihi a Madani, Abdulbagi, ya sa hotunansa yana neman masu saye daga waje. Bashir ya wuce fuskar matar bai san ta ba, sai a hoto na biyu ya ga gefen rubutun kakansa. Muka kai ƙara wurin 'yan sanda, aka kama kayan, aka tura kotu. Na ɗauka magana ta ƙare, ɓarawo ya sayar, mai kaya ya zo, a ba shi abinsa. Ashe ko farawa ba a yi ba.

Ban san adadin zuwan da na yi kotun nan ba. In fito bayan asuba, in hau bas, in sauka in hau raksha mai ƙafa uku, gwiwa tana ciwo, in zauna a benci har azahar, sai magatakarda ya leƙo ya ce an ɗaga. Yau babu wuta. Gobe an yi wa alƙali canjin wuri. Sabon alƙali ya zo, fayil ya ɓace. An ga fayil, mai riƙe da makullin ɗakin ajiya ya tafi ta'aziyya. Ranar da aka zauna kuwa, lauyan Abdulbagi ya miƙe ya ce wanda yake karewa a kasuwa ya saya da rana tsaka, kuma yana so in kawo rasidin da ke nuna hoton namu ne. Rasidi! Gidan da aka zare wa ƙusa ake tambaya rasidin abin da ya shigo kan keken jaki tun ba a haife ni ba. Na ce wa alƙali, ya Maulana, ko jakin ma ba shi da rasidi. Aka yi dariya, lauyana Ustaz Tijani ya ce in daina magana sai an tambaye ni.

Ana cikin haka sai ga wata lauya ta bayyana da takardar wakilci mai hatimai. Ta ce tana tsaye ne a madadin wata mata mai suna Miriyam da ke ƙasar waje, jikar Hawaja Dawud. Matar ta ga tallan Abdulbagi ta gane zanen, don suna da tsohon hoton falon kakanta na Madani da shi a rataye. Lauyar ta ce gidan su kakar Miriyam a can Turai cike yake da irin waɗannan zane-zane, sojoji suka kwashe lokacin wancan yaƙin, kuma tun kafin a haifi Miriyam danginta ke shari'a a kotunan Turawa ba su karɓo ko ɗaya ba. Kullum a ce su kawo shaida, masu shaidar kuwa an kashe su. Da na ji haka na ce a raina, ashe ciwon rasidi ba a Madani ya fara ba.

Bashir ya yi tsalle ya dire. A zaure ya tare ni, rabin maganarsa Larabci kamar yadda ya saba idan ransa ya ɓaci.

"Yaba, shekara sittin ina suke? Mu munka tsare shi daga gara da ruwan sama. Yanzu da anka ce shina da daraja sun tuna da kakarsu? La, wallahi. Sunana na ciki, sunan Umma na ciki."

Sunan uwar tasa da layin da ke ƙarƙashinsa ni na ja su da hannuna. Ustaz Tijani kuma ya zaunar da ni a ofishinsa ya yi mini bayani dalla-dalla. Ya ce Abdulbagi ya riga ya sha kaye, kayan sata kayan sata ne. Saura mu da Miriyam. Ita tana da hoton falo, amma ba ta da shaidar cewa ba kyauta kakanta ya yi ba. Mu muna da shekaru sittin da sunayenmu.

"Ya Hajj, kalma ɗaya nake so daga bakinka. Hadiyya. Kyauta. Ka faɗe ta ka koma gida da abinka."

Bai tambaye ni abin da ke saman rubutun ba, ni ma ban gaya masa ba. Na dawo gida ina jin haushin kowa. Haushin Hawaja da bai aiko ba, haushin Baba da ya tsaya tambayar kyauta ce ko amana maimakon ya karɓa ya yi godiya, haushin ɓarayin da suka tono maganar da ta kwanta, da haushin kaina fiye da duka. Ina son ƙyallen nan. Ba matar da ke gaba nake so ba, ban san ta ba. Hannun ubana nake so, yadda yake jan wasalinsa a karkace, da wurin da tawada ta ɗiga ranar sunan ƙanena don rago ya kubce ya bangaje shi. Duk abin da Baba ya taɓa da hannunsa yaƙi ya tafi da shi, wannan kaɗai ya dawo.

Ranar da aka sami mai makulli, 'yan sanda biyu suka shigo da hoton suka jingina shi a kan tebur, fuskarsa wajenmu. A ranar na kalli matar da kyau. Tana zaune kusa da taga, hannunta ɗaya a kan kwanon lemo, tana kallon gefe kamar an kira ta daga wani ɗaki. Ba ta kai shekarun 'yata Zainabu ba. Shekara sittin tana gidanmu hancinta a bango, ba mu taɓa ce mata sannu ba. Lauyar Miriyam ta ɗaga waya don Miriyam ta gani daga can, muka ji wani sauti ya fito daga wayar, lauyar ta yi sauri ta rage murya.

Alƙali ya ce a juya. Aka juya. Ya sa tabarau ya matso, ya ce haruffan na Larabci ne amma maganar ba Larabci ba ce. Ya kira magatakarda, shi ma ya yi ta haɗa baƙaƙe yana fitar da abin da ba Hausa ba ba Larabci ba, har Yaya Hauwa da ke bayana ta yi tsaki mai ƙarfi. Aka tambaya ko akwai mai karanta rubutun Hausawa a cikin kotun. Babu kowa sai ni. Alƙali ya sa na dafa Alƙur'ani, ya ce in karanta in fassara. Ustaz Tijani ya duba ƙyallen, ya ga layi ɗaya a sama shi kaɗai, nesa da jerin sunayen. Lauya ne, nan take jikinsa ya ba shi. Ya matso kunnena.

"Fara daga sunaye, ya Hajj. Sunaye kawai."

Wallahi na yi niyya. Na sa yatsa a kan sunan Yaya Hauwa, na buɗe baki. Amma a kan ƙyallen nan na koyi karatu, Baba yana riƙe da yatsana, kuma bai taɓa fara mini daga layi na biyu ba. Sai na ga yatsan ya hau sama. Na karanta da Hausa yadda aka rubuta.

"Wanga hoto amanar Hawaja Dawud ce, ba namu ba ne. Wanda yag gaje ni shi riƙe ta har masu ita su zo."

A nan ne Ustaz ya taka mini ƙafa, da takalmi mai ƙarfe a dunduniya. Na janye ƙafar na fassara wa alƙali da Larabci, kalma bayan kalma. Sannan na ce, ya Maulana, tunda an sa ni karatu sai na kai ƙarshe. Na karanta sunayen duka, masu rai da matattu. Da na gama alƙali ya tambaye ni ko na san abin da layin farko yake nufi ga ƙarata. Na ce na sani, ni ba yaro ba ne.

A waje Bashir ko kallona bai yi ba, ya tare raksha ya tafi shi kaɗai. Ustaz Tijani ya ce a shekarunsa na aiki bai taɓa ganin mutumin da ya kayar da kansa da kansa irina ba. Na juya wurin Yaya Hauwa ina jiran nata rabon. Ta gyara mayafi ta ce:

"Da ka tsallake layin ga, da ni na tashi na karanta musu shi da ka. Ban iya baƙi ba, amma na ji shi sau dubu."

Na fara jin sanyi a raina, sai ta ƙara:

"Kuma da ka aza shi bisa tarakta rad da nac ce, da ba mu zo nan ba."

Kun ji irin mutanen da nake zaune da su.

Aka yanke hukunci hoton na Miriyam ne. Kada ku ɗauka wahala ta ƙare. Sai da aka ƙara wasu watanni ana neman izinin fitar da shi daga ƙasa, kuma ni da na sha kaye a shari'a ni ake kira in sa hannu a takardu. Na roƙi alfarma ɗaya, a bar ni in rubuta sunan Amina kafin a tafi da shi. Aka ce kayan shaida ne, ba a taɓawa. Na ce to a gaya wa Miriyam ta aiko mini da kwafinsa babba, wanda zan rataye. Lauyar ta ce wannan mai sauƙi ne. Miriyam da kanta ta kira ni, muka yi magana ta bakin lauyar, ta yi kuka, ta ce a duk shari'un danginta ba a taɓa samun wanda ya ce musu naku ne ba. Na ce mata ba ni na ce ba, ubana ne, ni karantawa kawai na yi, kuma da ƙyar.

Bayan wata huɗu saƙo ya iso ta hannun wani direban bas daga Madani, a naɗe cikin kwali. Gida ya taru, har Bashir ya tsaya a bakin ƙofa. Na kwance. Takarda ce mai kauri, bugu mai kyau, an kashe mata aiki. Matar ce zaune kusa da taga da kwanon lemonta. Na juya bayan, fari fat, babu ko ɗigo. Roƙon nawa ya bi ta hannun lauya biyu da tafinta ɗaya, kuma a cikinsu babu wanda ya yi tunanin akwai mahaukacin da zai nemi bayan hoto. Na zauna a ƙasa ina dariyar takaici har hawaye suka zubo. Zainabu ta ce a sake kira a yi bayani. Na ce a'a, na gaji, kuma ko sun aiko hoton rubutu ne, ba tawadar Baba ba.

Yaya Hauwa ta karɓi takardar ta daɗe tana kallon matar. Sannan ta aika aka samo ƙusa, ta sa Bashir ya kafa ta a tsohon ramin, ta gwada hoton fuskarsa a bango yadda Inna ta yarda. Ta sauko da shi ta shimfiɗa mini a tabarma, ta tura mini tawada da alƙalami.

"Rubuta. Ka san su da ka."

Na fara daga sama, inda Baba ya fara. Na rubuta cewa amanar Hawaja Dawud ta koma hannun masu ita. Sannan na bi sunayen ɗaya bayan ɗaya, na ja layi a inda ake ja. Hannuna ba nasa ba ne, wasalina a miƙe suke, kuma babu ɗigon ranar da rago ya kubce. Wannan shi ne abin da na jawo muku, ban ɓoye ba, kuma ba zan ce bai yi mini ciwo ba. Da na iso ƙarshe Bashir ya bar bakin ƙofa ya zo ya tsuguna kusa da ni, karo na farko tun ranar kotu. Bai ba ni haƙuri ba, ni ma ban ba shi ba. Ya daɗe yana kallon layin saman, wanda ba ya iya karantawa, sannan ya sa yatsa a filin da ya rage a ƙasa.

"Yaba, Amina. Ran Talata anka haihe ta."

Na tsoma alƙalami na rubuta.